Ruwan Allo a Gidan Iya Ofeliya

Litinin, 9 ga Satumba, 2024

Sista Olive ta kira ni ofis bayan na tashi aiki. Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa, tun nan na san ba alheri ba ne. Ita ce nas ɗin da ke raba mana gidajen tsofaffin da muke kula da su. 'Yar Jos ce, mutuniyar kirki, shi ya sa ta daɗe tana kewaye-kewaye.

Sati biyu ke nan da dawowar Iya Ofeliya daga asibiti. Shanyewar ɓarin jikin ba ta ci ƙafa sosai ba, amma ta kwashe mata Turanci kaf. Shekara talatin tana yin sa a ƙasar nan, rana ɗaya ya tafi, ya bar ta da harshen garinsu na El Salvador. 'Yarta Maritza ta nemi a canza ni da mai jin Sifaniyanci. Babu kowa a ƙasa yanzu, sai ƙarshen Nuwamba wata za ta sami sarari.

"Ba laifinki ba ne, Maman Afnan. Zan sama miki gida a Springfield, mai sauƙi ma."

Na ce na gode. Iyakar abin da ya fito ke nan.

Shekara huɗu ina yi wa matar nan wanka. Na san zafin ruwan da take so. Na san in ta juya fuska bango ba barci take yi ba. Yanzu wata za ta zo da baki kawai ta karɓe ta. Ba wanda ya tambaye ni ko zan iya koyo. Sati goma sha ɗaya ne, na ƙirga a bas.

Laraba, 11 ga Satumba

Maigidana Abban Afnan ya yi dariya. Ba ta mugunta ba ce, amma dai dariya ce.

"Shekara arba'in da tara fa, Ruma. Turancin ma sai kin yi addu'a kafin ki kira likita a waya."

Ya ce in ajiye aikin gaba ɗaya, ba rasa ci muka yi ba. Na ƙara masa miya. Ban gaya masa na riga na rubuta sunana a ajin Sifaniyanci na laburaren Manassas ba, Talata da Alhamis, ƙarfe biyar.

Asabar, 14 ga Satumba

Afnan ta zo daga jami'a, ta sa mini manhajar koyon yare a waya. Darasi na uku, abin ya ce in maimaita, "Ni yaro ne, ina shan giya." Na ce ba zan faɗa ba. Ta ce da Turancinta, Mama, ba rantsuwa ba ce, wasa ne. Wasa ko ba wasa ba, ƙarya biyu ce a numfashi ɗaya. Da ta shiga wanka na goge abin.

Talata, 17 ga Satumba

Aji. Mu goma sha biyu, ni kaɗai mai hijabi. Akwai ɗan sanda, akwai nas biyu, akwai wani tsoho da ya auri 'yar Peru. Malama Nidia 'yar Honduras ce, ba ta fi ƙanwata ta uku ba. Abu na farko da ta faɗa wai mu yi ta yin kuskure, kada mu ji kunya. Ta fito da ƙwallo, wanda aka jefa wa sai ya yi magana. Mutane na ta ɓarin yare suna dariya, ita tana tafa musu.

Da ƙwallon ta zo hannuna na riƙe ta. Na san abin da ake so in ce. Ban tabbatar da ƙarshen kalmar ba, sai na miƙa wa na kusa da ni.

A makarantar Malam Maitama a Tudun Wada, in ba ki tabbatar da wasali ba shiru ake yi, a koma allo. Ba a lalube da baki. Da haka na sauke ina 'yar sha huɗu, ba da ƙwallo ba. Ba su iya koyarwa ba ne kawai a nan. Zan koya yadda na san ana koyo.

Asabar, 21 ga Satumba

Allona na Zariya yana cikin akwati, naɗe da ɗankwalin Inna. Na fito da shi, na duba, na mayar. Wannan ya ɗauki abin da ya ɗauka, ba zan ɗora masa "ina banɗaki yake" ba.

Na sayi sabon katakon yanka albasa, mai mariƙi, na goge shi da takarda mai ƙaiƙayi har ya yi fari. Ƙaro na samu a shagon 'yan Ghana. Gawayi na gashin naman Abban Afnan na ɗiba, na daka, na tace a tsumma. Gamba babu ita a Virginia, sai na feƙe tsinken tsire ya zama alƙalami. Tawadar ta kama.

Ya leƙo kicin ya tsaya yana kallo. "Sai bulala ta rage." Na ce in ya ga dama ya riƙe.

Alhamis, 26 ga Satumba

Na tsaya bayan aji na roƙi Malama Nidia ta biya mini. Ba ta gane ba, sai da na nuna mata: ta faɗi layi, in faɗa, sau uku, sannan in rubuta. Da ajami nake rubutawa, don boko yana yaudarata, sai in karanta shi da bakin Turanci. Da ajami kuwa abin da kunnena ya ji shi hannuna ke sawa. Ta ɗauki allon ta juya shi sama da ƙasa, ta ce ba ta taɓa ganin harshenta a cikin wannan tufa ba. Ta nemi ta ɗauki hoto. Na ce ta yi haƙuri.

Layi bakwai. Gaisuwar safe, yaya kika kwana, ina ke ciwo, ga magani, a hankali, kama hannuna, mun gama. Ba zan wanke ba sai sun zauna.

Talata, 1 ga Oktoba

Sun zauna. Na wanke, na rubuta bakwai.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Yau na gwada a kan Iya Ofeliya. Na buɗe labule na ce mata yaya kika kwana, da harshenta, babu gargada. Ta zuba mini ido. Sai ta kama hannuna ta fara, kamar an buɗe famfo, magana, magana, bakin ya karkace gefe amma ba ta tsaya ba, har da nuna taga, har da hawaye.

Ko kalma ɗaya ban kama ba.

A allona ana cewa yaya kika kwana, a ce lafiya lau, ke fa. Ita ba ta san da allona ba. Na ce mata ga magani. Ta saki hannuna.

Laraba, 9 ga Oktoba

Wannan sai na rubuta, don ya tsaya mini a wuya. Da hantsi ta yi ta maimaita wani abu tana nuna waya. Na ji kalmar 'yar'uwa a ciki, na tabbata na ji. Tana son a kira mata ƙanwarta. Ina son in ce Maritza ce ke da lambar, za ta dawo da yamma. Kalmar lamba na sani, yamma na sani. Yadda ake ɗaure su ne ban sani ba. Na tsaya ina jujjuya su a raina ina neman daidai, ina nema, ina nema, har ta gaji ta juya fuska bango.

Ban yi kuskure ba dai. Ko ɗaya.

Na rubuta jimlar a takarda zan kai wa Malama ta gyara gobe.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Bikin suna a Gaithersburg. Ban san wa ya kai labari ba, ina zargin mai gidan nan. Muna rabon waina Hajiya Tayyiba ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malama Rumasa'u, an ce kin koma makarantar allo. Larabcin kin gama shi ne, da za ki koma yaren masu yankan ciyawa?"

Aka yi dariya. Na ce, "Hajiya, mai yankan ciyawar gidanki shekara nawa yana gaishe ki, kin san sunansa?" A hankali na faɗa, kamar yadda nake faɗin komai. Ta ce a miƙo mata yaji.

Na yi istigfari a mota saboda yadda na ji daɗi. Maganar dai ban janye ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na fara tafiya da allon wurin aiki, don Iya Ofeliya na barci bayan azahar, lokaci na tafiya a banza. Ina zaune a kicin ina bita ƙasa-ƙasa, ina ɗan rangaji yadda jiki ya saba, sai na ji ƙarfen dogarawarta a bakin ƙofa. Ta tsaya tana saurare. Na kai layi na huɗu, ta buga ƙarfen a ƙasa, ta faɗi layin yadda ya kamata. Na maimaita. Ta girgiza kai. Na sake. Ta ja kujera ta zauna.

Ashe malamar firamare ce a garinsu, shekara goma sha shida. Maritza ta taɓa faɗa mini, na manta. Cokali take riƙewa, in na kauce ta ƙwanƙwasa tebur. Ba ta tafa wa kowa. Wannan ita ce malama.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Ita ke ba ni layukan yanzu. Ta cinye abincinta duka yau, ba lallashi.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Akwai abin da ya dame ni tun Litinin. Kusan duk layin da take ba ni da wata kalma a ciki, Diyos. Sai gobe, Diyos. Na ji sauƙi, Diyos. Na tambayi Malama Nidia don in tabbatar, ta ce sunan Allah ne da harshensu, kamar mu ce in Allah ya yarda, mu ce mun gode Allah.

To ni na rubuta shi a allo da hannuna, sau nawa. Kuma ranar Litinin a wurin wanke kwanuka na wanke allon, ruwan ya bi bututu ya haɗu da abin da ya haɗu da shi. Ban sani ba a lokacin. Yanzu na sani.

Abban Afnan ya ce ba Larabci ba ne, ba aya ba ce, in daina wahalar da kaina. Wataƙila yana da gaskiya a wajen malamai. Amma wanda ake nufi da sunan ai bai canza ba. Hannuna ba zai iya ba.

A gida da sauƙi, akwai gindin bishiyar bayan ɗaki inda ba a takawa. A gidansu kuwa bayan gidan tafin hannu ne, kuma karen Maritza babu kusurwar da bai yi wa fitsari ba. Na sami kwalbar zuma da ta ƙare, ina wanke allon a roba in juye a ciki, in zo da shi gida da yamma.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Rana mai kyau. Na yi mata wanka tun daga farko har ƙarshe da layukan allo, ba Turanci ko ɗaya. Ta ce mini wani abu da na gane rabinsa, wai hannuna ya fi na 'yarta taushi, ko kuma sanyi, ɗaya daga ciki.

Sai da bas ta wuce gidan mai na tuna. Na bar kwalbar a kabad, allon kuma na jingine shi bayan firji ya bushe. Ba komai, Litinin na ɗauka.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Ina sa takalmi Olive ta kira, ta ce kada in je gidan, in zo ofis.

Wannan karon ba ta ba ni ruwa ba. Ta juyo mini wayarta. Hoto ne: kwalbata, ruwa baƙi ƙirin, a gefen gwangwanin garin da muke kaurara wa Iya ruwan sha da shi don kada ta ƙware. Nan na ajiye ta, don nan ne hannuna ke zuwa kullum, ba zan manta ba, a tunanina. Hoto na biyu allona ne. Ban wanke rubutun Juma'a ba ashe, na baya na wanke.

Maritza ta gani ranar Asabar. Katako da rubutun Larabawa, da baƙin ruwa kusa da abin shan uwarta. Ta kira ofis tana kuka. An dakatar da ni sai an bincika.

Duk wannan na ɗauka. Abin da ban ɗauka ba shi ne da Olive ta tashi ta rufe ƙofa, ta rage murya.

"Maman Afnan, ni a Jos na girma, na san rubutu. Maƙwabtanmu na sha. Tsakaninki da Allah, ba ta kike yi? Ko don ta warke ne, ki faɗa mini, in san yadda zan rubuta."

Na ce, "Sista, shekara shida kin san ni." Ta ce ta sani, shi ya sa take tambaya ba ta yanke ba.

Na yi mata bayani. Ta dafe kai. "Saboda wannan? Ruwan wankin katako?" Ta ce da na zubar a masai da duk ba a kai nan ba. Na ce shi ne abin da ba zan yi ba.

Ko cokali ɗaya ban taɓa ba matar nan abin da ba ya cikin takardar likita ba. Ko zuma.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Abban Afnan ya ce ya isa. Wai an kusa kai ni ga 'yan sanda a kan tsohuwar da ba dangin iya ba na baba, in rubuta takardar ajiye aiki, shi zai buga mini. Ransa ya ɓaci da gaske, har bai ci tuwo ba. Tsoro yake ji, na sani.

Na ce in na ajiye yanzu, na amsa ke nan. Maritza za ta tsufa tana ba da labarin Musulmar da ta so shayar da uwarta asiri. Ya ce to sai me, ina ruwanki da abin da za ta ce. Na ce ruwana ne.

Bai taɓa jin na maimaita magana sau biyu ba. Ya dube ni ya fita masallaci.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Wa ke mata wanka? Sun san ba ta son a jiƙa mata kai kafin ƙafa?

Asabar, 9 ga Nuwamba

Olive ta shirya zama ranar Talata a gidan, ni da ita da Maritza. Na ce Iya ma ta zauna, ai a kanta ake yi.

Maritza na jin Turanci sarai, amma ba da shi zan yi ba. Na rubuta bayanina, Malama Nidia ta mayar mini da shi Sifaniyanci ranar Alhamis, layi goma sha tara. Da ta kai wurin sunan Allah ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba. Allon na hannunsu, a takarda nake hadda. Takarda ba ta riƙe karatu kamar itace, amma haka nan. Goma sha ɗaya sun zauna.

Ba haƙuri zan bayar a kan ruwan ba. A kan inda na ajiye shi, e. Wannan wauta ce tawa.

Talata, 12 ga Nuwamba

Ban san ta inda zan fara ba.

Sun ajiye allon da kwalbar a tsakiyar tebur cikin leda, kamar kayan da aka kama ɓarawo da su. Maritza ta naɗe hannu a ƙirji. Idonta ya kumbura, ta yi kwanaki ba barci, wannan na gani kuma ban ji haushinta ba kamar yadda na shirya ji. Iya na kujerarta a gefe, an taje mata kai ta inda ba ta tsagawa. Ba ta dube ni ba.

Na fara layukana. Na ɗaya, na biyu, na uku, tsaf. Maritza ta katse ni da Turanci, ta ce ba wa'azi ta zo ji ba, abu ɗaya take so, me aka rubuta a katakon nan. Na ce a ba ni. Olive ta ciro shi daga leda.

Na karanta. Ɗaga hannu, Iya. Ruwan ya yi zafi? Gobe za mu wanke gashi, in Allah ya yarda. Da harshensu, daga dama zuwa hagu, ina bin sa da yatsa don ta gani. Maritza ta matso tana kallon yatsana kamar za ta kama ƙarya a ƙarƙashinsa. A layi na biyar na ja wata kalma inda ba a ja, sai ƙwas, cokali a kan tebur. Iya ta gyara mini ba tare da ta juyo ba. Na maimaita.

Maritza ta ce to ruwan fa, me ya hana ki zubarwa. Wannan yana cikin haddata, layi na goma sha biyu. Na buɗe baki zan ɗauko shi, sai Iya ta juyo gaba ɗaya ta yi mini tambaya. Gajeriya. Kuma na gane ta duka, karo na farko tun da na fara.

Me ya sa kika tafi kika bar ni?

Ashe ba wanda ya gaya mata komai. Kwana takwas tana ganin baƙuwar fuska da safe.

Babu wannan a layi goma sha tara. Na duba cikin kaina, babu. Na ga wuyanta ya fara juyawa wajen bango.

Abin da ya fito daga bakina, in aka mayar da shi Hausa, kusan haka ne: "Ni tafi a'a. Ni gida, kuka. Ofis ya ce a'a zo. Ruwa baƙi, katako wanka. Sunan Allah ciki. Sunan Allah ƙasa a'a, kare a'a, bututu a'a. Ke sha a'a, ko kaɗan. Ni mantuwa. Ni jaka."

Jaka, macen jaki, na sani don ita ta koya mini, haka take kiran kanta in cokali ya faɗi.

Kunya ta rufe ni har tafin ƙafa. Na san kowace gaɓa a karye take, ina ji suna karyewa ina ci gaba. Cokalin bai motsa ba. Ta dube ni ta dube ni, sannan ta juya ga 'yarta ta sauke mata magana mai tsawo da ban kama ba sai sunan Allah da kalmar kunya. Maritza ta amsa, ta sake amsawa da ƙaramar murya, daga nan ta koma murza zobenta.

Olive ta ce mini da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Ni dai ban ji komai ba, amma kamar ana ci wa wata mutunci."

Da za mu tafi Maritza ta ce za ta yi tunani. Ba ta ba ni haƙuri ba. Ta miƙo mini kwalbar da hannu biyu, ta tambaya da Turanci a ina nake zubarwa. Na ce gindin bishiya. Ta gyaɗa kai.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Zan koma Litinin. Safiya tawa ce, wanka da karin kumallo da magani, har ƙarfe ɗaya. Yamma ta waccan matar ce in ta zo ƙarshen wata. Za a sake dubawa a Janairu. Rabi ke nan. Na so duka.

Takardar da Olive ta kawo in sa hannu an rubuta "wani ruwa da ba a san ko mene ne ba". Na ce an sani, a gyara. Ta ce haka ake rubutawa. Na ajiye biro na naɗe hannu. Ta yi tsaki, ta sake bugawa: tawadar gawayi da ƙaro. Na sa hannu.

Sharaɗi ɗaya, kada kwalba ta sake shiga gidan. Na yarda. A gida zan riƙa wankewa.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Malama Nidia ta ce jiya na yi magana sau huɗu a aji ba a kira sunana ba. Ban lura ba. Ƙila da wata take haɗa ni.

Talata, 3 ga Disamba

Sanyi ya shigo sosai. Waccan matar ta fara jiya, sunanta Yesenia, ba ta da laifi, ta iya girkin da Iya ke so. Mun yi musayar bayani a bakin ƙofa, rabi da harshenta rabi da hannu.

Yau Iya ta ƙi shan ƙwayar hawan jini, ta ɓoye ta ƙarƙashin faranti. Wai tana sa ta jiri. Na ce jirin tashi da sauri ne ke kawo shi. Ta ce ni likita ce? Na ce a'a, amma ni ke ɗaga ta in ta faɗi, kuma bayana ba na ƙarfe ba ne. Ta ce ni mai taurin kai ce. Na ce a wurinta na koya. Muka yi ta yi, ita tana buga tebur, ni ina tsaye da kofi a hannu, har Maritza ta sauko daga sama da waya a kunne tana tambaya lafiya. Iya ta ce ta koma aikinta, magana muke yi. Ta shanye ƙwayar tana hararata.

Ban san me na faɗa daidai ba, me na karya. Ban tsaya dubawa ba, ruwan wanka na hucewa.

Da magariba ina ba Abban Afnan labari a kicin, ya ce in rage murya, yana kusa, ba a Zariya yake ba. Wai kwanan nan har daga waje yana jiyo ni.

Ba haka ba ne. Kunnen Iya ne ba ya ji sosai, dole a ɗan ɗaga.